Modem, rawuta, IP da DNS: wane ne ke yin me a cikin akwatin intanet ɗinka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kamfani ya kafa mini akwatin intanet, aka ce layina mega 100 ne, amma in ina sauke fayil ba ya wuce 12. Wani lokaci kuma Wi-Fi na nuna sigina cike, shafi ya ƙi buɗewa. In na kira su sai su shiga tambayata fitilar WAN, ko IP, ko DNS, ni kuwa ban san ko ɗaya ba. Don Allah a fayyace mini waɗannan kalmomi. Shin modem da rawuta abu ɗaya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka a kan maganar mega 100, ba a cuce ka ba. Kamfanonin intanet da bit suke auna gudun layi, ita kuwa manhajar da kake sauke fayil da ita da bayit take nuna maka, kuma sai an tara bit 8 kafin a samu bayit ɗaya. Raba 100 gida 8, ka samu 12.5. Kowane ƙunshin bayani yana tafiya da adireshinsa da lambobin tantancewa, su ma suna cin nasu gurbin, shi ya sa abin da zai iso hannunka ya tsaya a 11 ko 12. Harafin b ne ke raba gardamar: ƙarami a Mbps bit ne, babba a MB/s bayit ne. Layinka na ba ka duk abin da ka biya.

Modem da rawuta ba abu ɗaya ba ne, sai dai a yau kusan kullum a akwati ɗaya ake cusa su, tare da wasu na'urori biyu: suwici mai ramukan kebul da ke baya, da rediyon Wi-Fi. Na'urori huɗu ke nan a jiki ɗaya, kowacce da aikinta, kowacce kuma tana iya samun matsala sauran ukun na lafiya lau. Yawancin ruɗanin da mutane ke shiga daga nan yake fitowa. Duk kalmar da ma'aikacin kamfani ya jefa maka, abin da za ka tambayi kanka shi ne: wannan ta wace na'ura ce a cikin huɗun, kuma tana kallon waje ne ko cikin gida?

Modem shi ne mai kallon waje. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, layin da ya shigo gidanka kuwa igiyar lantarki yake ɗauka, ko haske, ko igiyar rediyo. Aikin modem shi ne juya wannan zuwa wancan in za a fita, ya sake juyo shi in ana shigowa. Tsoffin modem a layin tarho suke aiki, suna mayar da bayani sauti. Bell 103 na farkon shekarun 1960 bit 300 yake turawa a daƙiƙa ɗaya. Ƙarshen abin da wannan hanya ta iya kaiwa shi ne kilobit 56 a ƙarshen shekarun 1990, kuma muddin kana intanet ba wanda zai iya kiran tarhon gidan. Abin da ake kira burodban shi ne duk layin da ya wuce wannan ƙunci, yana kunne dare da rana ba sai an buga lamba ba.

Irin modem ɗinka ya dangana ne da irin layin da aka jawo maka. Idan siririn kebul ɗin tarho ne na jan ƙarfe, to DSL kake amfani da shi. Dabararsa ita ce muryar mutum ba ta cin fiye da kilohaz 4 na ƙasa-ƙasa, sai aka ɗora bayanai a kan zangon da ke sama, wanda dā ba kowa a cikinsa. Don haka ne ake saka ƙaramar matata a jikin tarho, don kada ɓangarorin biyu su shiga juna. ADSL na farko yana kai megabit 8 wajen saukewa, ADSL2+ ya kai 24, VDSL2 kuma yana iya taɓa 100 in kana kusa da akwatin kamfani. Harafin A na farkon sunan yana nuna cewa saukewa ta fi ɗorawa gudu nesa ba kusa ba. Abokin gabar DSL shi ne nisa: duk tsawon jan ƙarfen, duk raunin siginar. A shafin saitin irin wannan modem za ka ga lambobi biyu da ake aunawa da dB. Wadda aka rubuta Attenuation a gabanta tana nuna yawan siginar da ta zube a hanya, ƙarancinta shi ne alheri. Wadda aka rubuta SNR Margin tana nuna tazarar da sigina ta ba hayaniyar layi, yawanta ake so, kuma in ta faɗo ƙasa da 6 layin zai fara yankewa yana dawowa.

Idan kebul ɗin mai kauri ne, zagayayye, mai allura ɗaya a tsakiya irin na talabijin, to modem ɗinka na bin tsarin DOCSIS, wanda ya fara fitowa a 1997. DOCSIS 3.0 na 2006 ya zo da dabarar ɗaure tashoshi da yawa su yi aiki a matsayin ɗaya, 3.1 na 2013 kuma ya kai harkar ga gigabit, wato mega 1,000. Raunin wannan layi shi ne gidajen unguwa ɗaya ke raba shi, shi ya sa da daddare, in kowa ya dawo ya kunna bidiyo, sai ka ji ya yi nauyi.

Idan faiba ce, zaren gilashi mai ɗaukar haske, akwatin da take shiga ONT ake kiransa, ko da yake kowa modem yake ce masa, kuma ba laifi. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne GPON, mai ɗaukar kusan gigabit 2.5 zuwa ƙasa da 1.25 zuwa sama, ana raba shi wa gidaje 32 ko 64 ta wata na'urar raba haske da ba ta buƙatar wuta. Fitilu biyu za ka riƙe a nan. PON in ta tsaya cak da kore, an haɗu da kamfani. LOS in ta kama ja, haske ba ya isowa: ko zaren ya tsinke a waje, ko an lanƙwasa shi da yawa a bayan kujera. Kashewa da kunnawa ba sa gyara wannan, kiran kamfani ne. Kada kuma ka leƙa bakin zaren da idonka, hasken ba ya ganuwa amma yana iya yi wa ido illa.

Akwai kuma mai katin SIM, wanda layinsa igiyar rediyo ce daga turken sadarwa na 4G ko 5G. A nan wurin da ka ajiye akwatin ya fi komai tasiri. Lambar RSRP ke faɗa maka ƙarfin sigina, kuma da alamar ragi take zuwa: -80 sigina ce mai kyau, -110 ta yi rauni. Matsar da akwati kusa da taga yakan yi abin da ƙarin kuɗin data ba zai yi ba.

Yanzu mu shigo cikin gida. Modem na'ura ɗaya tak zai iya haɗawa da kamfani, kai kuwa kana da wayoyi da kwamfuta da talabijin. Rawuta ce ke tsaye a kan iyaka, fuska ɗaya tana kallon waje, ɗaya tana kallon ciki. Ta waje ita ce WAN, ta ciki ita ce LAN. In ka juya akwatin za ka ga ramuka huɗu masu launi ɗaya an rubuta musu LAN, wani lokaci da guda ɗaya mai launi daban an rubuta masa WAN ko Internet. To in ma'aikacin ya tambaye ka fitilar WAN, so yake ya san ko rawutarka na ganin kamfani. Ramukan LAN ɗin nan su ne suwici, kuma aikinsa bai wuce miƙa bayani tsakanin na'urorin da ke cikin gida ba. Yana gane kowacce da adireshin MAC, wata lamba mai tsawon bit 48 da masana'anta ke ba katin sadarwar na'ura, wadda ake rubutawa da harufa da alƙaluma 12. Wannan adireshi ba ya tsallake rawuta, a cikin gida yake aikinsa.

Wanda ke tsallakewa shi ne adireshin IP. Bayani a intanet ba ya tafiya dunƙule, yayyanka shi ake yi ƙunshi-ƙunshi, galibi kowanne bai wuce bayit 1,500 ba, a rubuta masa inda ya fito da inda za shi. Ƙa'idojin wannan tafiya su ne TCP/IP, waɗanda Vint Cerf da Bob Kahn suka wallafa tushensu a 1974, kuma ARPANET, kakan intanet, ya koma kansu ranar 1 ga Janairu, 1983. Adireshin da aka tsara a lokacin, IPv4, bit 32 ne, ana rubuta shi gida huɗu da ɗigo a tsakani, kowane gida daga 0 zuwa 255. Jimillarsu kusan biliyan 4.3. A wancan zamani adadin ya yi kama da wanda ba zai taɓa ƙarewa ba, amma a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin intanet a duniya, ta raba kason ƙarshe da ke hannunta. IPv6, mai bit 128, shi ne maganin dindindin, sai dai har yau duniya ba ta gama komawa kansa ba.

Abin da ya riƙe IPv4 da rai shi ne NAT, kuma a nan nake so ka ɗan tsaya, domin wanda ya gane shi ya gane rabin harkar. A 1994 an ware wasu adireshi aka ce na cikin gida ne, ba sa fita intanet, kowa na iya maimaita su: duk wanda ya fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da wanda ya fara da 192.168. Shi ya sa wayarka na iya zama 192.168.1.5, ta wani a wata ƙasa ma haka, ba a yi karo ba. Kamfani kuwa adireshi ɗaya ne na waje yake ba gidanka duka. Ka ɗauke shi kamar babban gida mai ɗakuna da yawa, lambarsa ɗaya a bakin titi, da maigadi a ƙofa riƙe da littafi. Duk wasiƙar da za ta fita, maigadi zai goge lambar ɗaki ya sa lambar gida, ya rubuta a littafinsa ɗakin da ya aika. In amsa ta dawo ya duba littafi ya kai ta inda ya dace. In kuwa wasiƙa ta zo wadda ba wani ɗaki da ya nema, ba ta shiga. Wannan littafi shi ne NAT, kuma ta dalilinsa kake samun wata kariya kyauta daga masu ƙwanƙwasa ƙofofi a intanet. Sai dai shi ne kuma ke hana ka ganin kyamarar tsaron gidanka kai-tsaye daga waje, sai ka shiga saiti ka ce duk abin da ya zo ta kafa kaza a miƙa wa na'ura kaza. Kafofin nan lambobi ne da ke bambanta ayyuka a adireshi ɗaya: 80 da 443 na shafukan yanar gizo, 53 na DNS. Kamfanoni da yawa, musamman na katin SIM, sun ƙara wani NAT ɗin a nasu ɓangaren, suna haɗa kwastomomi masu yawa a adireshi ɗaya. In ka ga adireshin WAN na rawutarka yana tsakanin 100.64 da 100.127, kana cikin wannan tsari, kuma duk buɗe kafar da za ka yi ba zai yi aiki ba sai kamfanin ya ba ka adireshi naka na kanka.

Wa ke ba wayarka adireshinta na cikin gida? Wani ƙaramin aiki ne a cikin rawuta mai suna DHCP. Da zarar na'ura ta haɗu sai ta yi shela tana neman adireshi, rawuta ta ba ta aro na wani lokaci, tare da abubuwa uku. Na farko 255.255.255.0, lambar da ke cewa gidaje uku na farkon adireshi sunan netwok ne, na ƙarshe kaɗai ke bambanta na'urori, wato gurbin na'ura 254. Na biyu ƙofar fita, wadda za ka ga an rubuta Default Gateway a gabanta, kuma ba komai ba ce illa adireshin rawutar kanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Wannan lambar ce za ka rubuta a burauza in kana son shiga shafin saiti. Na uku adireshin DNS. Ga wata alama da ke rage wahala: in ka duba kwamfutarka ka ga adireshinta ya fara da 169.254, ta yi shela ba wanda ya amsa, sai ta raɗa wa kanta. Matsalar na tsakaninta da rawuta, kamfani ba shi da hannu.

DNS shi ke mayar da suna lamba. Kai google.com kake rubutawa, rawutocin duniya kuwa lamba kawai suka sani, don haka kafin shafi ya buɗe sai na'urarka ta tambayi sabar DNS, wato kwamfutar da ke wannan aiki, lambar wannan suna. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983. Kafin nan fayil ɗaya ne mai ɗauke da sunayen dukkan kwamfutocin netwok ake kwafa ana rarrabawa. In sabar DNS ta kamfaninka ta kwanta, layinka lafiyarsa ƙalau amma ba shafin da zai buɗe. Kana iya sauya ta da ta Google, 8.8.8.8, ko ta Cloudflare, 1.1.1.1. Masu cewa sauya DNS na ƙara gudun saukewa sun yi ƙari. Abin da yake ragewa shi ne ɗan jiran da ake yi kafin shafi ya fara fitowa.

Da wannan mun iso tambayarka ta biyu. Sandunan siginar Wi-Fi da kake gani cike ba su san komai game da intanet ba. Abin da suke aunawa shi ne ƙarfin rediyo tsakanin wayarka da akwatin da ke falo. Ka zare kebul ɗin kamfani gaba ɗaya, za su ci gaba da nuna cike. Hanyar gano inda abin ya tsaya ita ce ka bi layin daga ciki zuwa waje da umarnin ping, wanda ke aika ƙaramin ƙunshi ya jira amsa. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, za ka ga adireshinka da na ƙofar fita. Ka yi ping ɗin ƙofar. In ba amsa, ciwon na cikin gida ne, Wi-Fi ko kebul ko rawuta. In ta amsa, ka yi ping 8.8.8.8. In wannan ya ƙi, matsalar na modem ce ko layin kamfani, sai ka duba fitilu ka kira su. In ya amsa amma ping google.com ya ƙi, DNS ne. Minti biyu ya isa, kuma in ka kira kamfani da wannan bayani a hannu, hirar ba ta tsawo.

Ping zai kuma nuna maka wata lamba da ms a gabanta, wato lokacin zuwa da dawowa a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wannan shi ne jinkiri, kuma daban yake da mega. Mega na faɗin yawan abin da layi ke ɗauka a daƙiƙa, jinkiri na faɗin tsawon jira kafin amsa ta fara zuwa. Tauraron ɗan'adam da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 na iya ba ka mega mai yawa, amma jinkirinsa na kai wajen ms 600, domin sai sigina ta hau ta sauko, amsa ma ta hau ta sauko. Taurarin Starlink da ke shawagi a kusan kilomita 550 sun rage wannan ƙwarai. Ga mai kiran bidiyo ko wasan intanet, layi mai mega 20 da ƙaramin jinkiri ya fi mai mega 200 da ke jan ƙafa. A ganina mutane da yawa na sayen megan da ba sa buƙata, alhali abin da ke damunsu jinkiri ne ko raunin Wi-Fi.

Shi Wi-Fi ɗin, ƙa'idarsa ta farko, 802.11, ta fito a 1997 da megabit 2 kacal. Yau yawancin akwatuna zango biyu suke watsawa. Na gigahaz 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkushe yake da na maƙwabta da Bluetooth, kuma tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Na gigahaz 5 ya fi gudu da sarari, sai dai bango biyu ko uku na karya shi. SSID sunan Wi-Fi ɗinka ne kawai. Wajen tsaro ka zaɓi WPA2 ko WPA3, WEP kuwa an daɗe da fasa shi, kada ka kusance shi. Duk na'urar da ba ta motsi, irin talabijin ko kwamfutar tebur, ka ja mata kebul ɗin Ethernet. Fasaha ce da Robert Metcalfe ya fara a cibiyar bincike ta Xerox PARC a 1973, kuma har yau ta fi Wi-Fi tabbas, muddin tsawon kebul bai wuce mita 100 ba. A cikin kebul ɗin akwai silili 8 da aka murɗe biyu-biyu. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai duka takwas. In ɗaya ya tsinke, na'urorin kan koma 100 shiru ba tare da sun faɗa maka ba. Don haka ranar da ka ƙara layinka zuwa mega 300 ka ga gwaji ya maƙale a 94 ko 95, kebul ko ramin da ka soka shi za ka fara zarga.

In ka sayi rawuta taka mai ƙarfi ka jona ta a bayan akwatin kamfani, ka sani NAT ya zama biyu, ɗaya a kan ɗaya. Yawancin shafuka za su buɗe, amma wasanni da kyamarori na iya rikicewa. Gyaran shi ne a sa akwatin kamfani a yanayin gada, inda aka rubuta Bridge a saiti, ya ajiye aikin rawuta ya zama modem zalla. A nan ne za ka iya cin karo da PPPoE, hanyar da kamfanonin DSL da faiba da yawa ke tantance kwastoma da suna da kalmar sirri. Wannan kalmar sirri daban take da ta Wi-Fi, daban kuma da ta shiga shafin saiti. Uku ne, ka rubuta kowacce ka adana, kuma ka sauya ta shafin saiti in har yanzu admin ce kamar yadda ta zo daga masana'anta.

In layi ya rikice, kashe akwatin na rabin minti ka kunna ba ya ɓata komai, kuma in modem da rawuta a rabe suke, modem za ka fara kunnawa, ka jira fitilunsa su tsaya sannan rawuta. Ƙaramin ramin nan da aka rubuta wa Reset, wanda sai da tsinke ake danna shi, wani abu ne daban. Danna shi na daƙiƙa goma zai goge sunan Wi-Fi da kalmomin sirri da bayanan PPPoE gaba ɗaya, kuma in ba ka da su a rubuce, za ka zauna ba intanet har sai kamfani ya sake saita maka.